Ƙirjin Ilu, Ma'aunin Turaren Bande

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Ilu makwancinsa a Bande, kuma tun daga ranar ban sake samun wanda zan tsokana da sassafe in ji raina ya yi fari ba. Taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan ya ga ina yi wa mamaci shaƙiyanci, kada ya ɗauko mini wa'azi. Haƙƙina ne, gadonsa na yi. Da ni na riga shi tafiya, abin da zai faɗa a kaina a bakin masallaci ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Ilu manomi ne, amma kada in yi wa noma ƙarya. Geronsa kullum shi ne na ƙarshen tsirowa, gyaɗarsa kuwa kurege ya fi iyalinsa sanin daɗinta. Ya taɓa gwada kiwon tumaki, suka bi garken wani makiyayi suka ƙi dawowa, kuma da aka je biko sai da aka ɗaure su. Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, har ake ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, na ga ragwaye iri-iri, amma Ilu ba rago ba ne. Yana da ƙoƙari, abin ne kawai ba ya karɓarsa.

Abu ɗaya Allah ya ba shi wanda babu mai irinsa daga Bande har Magarya, shi ne ƙirji. Tun muna yara yana da ciwon fuka, wanda yanzu ake ce wa asma. Ƙurar sussuka, hayaƙin murhu, ƙaiƙayin harawa, kowanne ya gilma sai Ilu ya fara atishawa, ido ya kawo ruwa, can kuma ka ji ƙirjinsa yana fito kamar butar shayi ta tafasa. To, mai irin wannan ƙirji, wa kuke tsammani ya aura? Falmata, Babarbariya daga gabas, wadda tun kakanninta sana'arsu haɗa turaren wuta. Ranar ɗaurin auren na ce masa ya nemi likkafani tun da sauran kuɗin biki a hannunsa. Ya ce bawa ba ya sa baki a auren ubangidansa.

Ita Falmata hannunta ba na wasa ba ne. Takan jiƙa itacen hawi da sandal, ta soya farcen turare, ta daka kajiji, ta narka sukari ta juye, ta rufe a tulu ya kwana biyu yana tsumuwa. Matsalarta ɗaya, wanda ya tashi cikin ƙamshi hancinsa mutuwa yake yi. Sai ta haɗa ta kasa tantance ko ya yi ko bai yi ba. Ba a daɗe da tarewa ba ta lura cewa duk ranar da haɗin ya kama, miji ne ke fara ba da labari. In ta zuba a garwashi Ilu ya ci gaba da cin tuwonsa lafiya lau, to aikin banza ta yi. In ya ajiye loma ya fara laluben bakin riga, ta san ta dace.

Daga nan abin ya zama tsari. Turaren Falmata ya kasu hawa-hawa, kuma kowane hawa sunansa daga jikin Ilu ya fito. Akwai mai atishawa, na yau da kullum, wanda mace za ta turara ɗaki bayan shara. Akwai mai hawaye, na suna da karɓar baƙi. Sai kuma na sama, na amare, wanda ake kira mai fito. Mata daga Kwaya da Waca, har da na Dungas, in sun zo saye ba sa tambayar abin da aka zuba a ciki. Tambayarsu ɗaya ce, Malam ya yi fito? In Falmata ta ce ya yi, babu sauran ciniki.

Kada wani ya ɗauka zaluntarsa ake yi. Wallahi ban taɓa ganin mutum yana son muƙaminsa kamar Ilu ba. Ranar gwaji babbar riga yake sawa. Ya shiga ɗaki ya harɗe a tabarma, a ajiye masa kasko a gaba, ya lumshe ido kamar alƙali yana sauraron shaidu. Matan da ba su taɓa gaishe shi a hanyar gona ba, yanzu har durƙusawa suke yi. In an gama ya fito gindin dogon yaro ya dafa gwiwa yana jan numfashi da ƙyar, Falmata na yi masa fifita, an kawo fura mai sanyi. Ni kuwa ina gefe ina ce masa ya busa mana taken samari tunda algaitar a jikinsa take. Mu duka, da shi da ita da ni, mun ɗauka fuka wahala ce kawai, ba ta wuce nan.

Abin ya lalace ne daga masallacin Juma'a. Tufafinsa duk sun sha hayaƙi har ba sa wankuwa, sai ya zama yana zaune a sahu yana turara kansa da kansa. Wata Juma'a ya jera atishawa cikin huɗuba har liman ya dakata ya jira shi. Kunya ta kama shi. Ranar kasuwar Magarya ya kai kuka wajen wani mai tallan magani a faranti, shi kuma ya ƙulla masa wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya a leda, ya ce maganin mura ne da borin jini, kuma har fuka yana yi.

Ƙwayar ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Hanci ya bushe, ido ya washe, atishawa ta ɗauke ɗif. Sai dai ta zo da barci. Ilu ya fara gyangyaɗi a ko'ina, a wurin zaman makoki, a bakin rijiya, har a tsakiyar gardama da ni, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana barci ya kwashe shi a kan amalanke yana dawowa daga gona, jakin ya ga babu mai ce masa komai, ya miƙe da shi har ƙofar gidan tsohon mai jakin a wani ƙauye. Can ya farka ya tarar da mutane sun kewaye shi suna shawarar ko a sanar da danginsa.

Bai faɗa wa Falmata zancen ƙwayar ba. Ni kaɗai ya faɗa wa, na ce ya gaya mata, ya ƙi. Ya ce in ta ji, za ta ɗauke shi kamar mai awon da ya lotsa gindin tiya, kuma matan gari ba za su sake yarda da shaidarsa ba. A cikin naɗin hularsa yake ɓoye ledar.

Ku duba halin da baiwar Allah ta shiga. Ta haɗa turare irin wanda ta saba, ta kawo kasko, miji ya zauna, shiru. Ba atishawa, ba hawaye, sai ma hamma. Ta sake wani, haka. Ta fara zargin mai kawo mata itace, ta aika masa da saƙon da ba zan iya rubutawa a jarida ba. Ta zargi bakin mutane, ta karɓo rubutu ta sha. Daga baya ta yanke cewa hannunta ne ya mutu, har na same ta tana kuka a madafa. Shi kuwa gogan, in ta tambaye shi, sai ya gyara zama ya ce, to, da ɗan saura. Ita kuma ta ƙara farce, ta ƙara miski, ta ninka abin da take zubawa a garwashi. Hancin da ke yi mata ishara an rufe masa baki, ƙirji kuwa yana can yana karɓar kaya.

Ana cikin haka aka kawo mata aikin bikin 'yar wani attajiri a Waca, aka ce mai fito ake so, kuma kada a kawo sai Malam ya tabbatar. Falmata ta zuba duk abin da ta iya. Bayan azahar ta shigar da Ilu ɗaki, ta ajiye kasko biyu maimakon ɗaya, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙofa, ta tsaya a waje tana kasa kunne. Ina zaure ina jiran a fito da abinci, kamar yadda na saba. Shirun ya yi yawa, ta leƙa da niyyar yi masa faɗan barci. Ba barci yake ba. Yana duƙe ya dafa ƙasa, wuyansa ya ɗaɗɗaure, leɓensa ya sauya launi, kuma ko fiton babu. Ihun da ta yi har yau yana kunnena.

A kan amalanken nan muka kai shi gidan likita, ni ina riƙe da shi a zaune, ita tana gudu a gefe ba takalmi. Majo, wato shugaban masu jinyar wurin, bai tsaya tambaya ba. Ya ɗauko pompi, abin fesa magani a baki, ya cusa shi a gindin wata gorar roba da aka huda, ya sa wa Ilu bakin gorar, yana fesawa yana ce masa ya ja. Ya yi masa allura. Mun daɗe a tsaye kafin fiton ya dawo, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Majo ya ce ƙirjin da ke fito iska na wucewa, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Da ya farfaɗo aka tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce sam. Ya girgiza kai don ya ƙarfafa maganarsa, hula ta zame, ledar ta faɗo a gaban kowa. Majo ya duba ya ce wannan ta hanci da fata ce, tana tsayar da atishawa da ƙaiƙayi, amma ba ta buɗe ƙirjin da ya shaƙe. Ya rubuta masa pompi iri biyu, ɗaya na lokacin da abin ya taso, ɗaya na kullum don kwantar da kumburin hanyoyin iska. Sannan ya tambaya ko akwai hayaƙi a gidan. Na buɗe baki zan ba da amsa, Falmata ta dube ni, na rufe.

Ta juya wajen mijinta ta ce, "Malam, ashe kana kallo ina zagin hannuna?"

Ya ce, "Ai ban so a ce na tashi aiki ba."

Muka ɗora shi a amalanke muka dawo gida.

Sai bayan rasuwarsa na fahimci abin da ya faru a jikinsa, da 'yata Rakiya ta gama karatun jinya a Damagaram. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke saki in abin da ba ya so ya shige shi, ana ce masa histamin, kuma shi ɗan aike ne kawai. Saƙonsa ba ya aiki sai ya sami kunnen da zai ji, kunnuwan kuwa iri huɗu ne a warwatse a jiki. Wani iri yana hanci da fata da hanyoyin iska har da ƙwaƙwalwa, wani yana tumbi yana sa tsami, sauran suna wasu wurare da na manta. Ƙwayar Ilu irin farko take toshewa. Ta toshe na hanci, atishawa ta tsaya. Ta toshe na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe mutum a farke, shi ya sa jaki ya yi yawo da shi. Na ce to na ƙirji fa? Ta ce a ƙirjin mai fuka histamin ba shi kaɗai ne ɗan aike ba, suna da yawa, kowanne da kunnensa, in ka kori ɗaya sauran za su isar da saƙon a matse hanya. Ga shi hanyoyin a kumbure suke dama, abu kaɗan ke harzuƙa su, balle hayaƙin kasko biyu.

Abin da ya sa na yi dariya har na ƙware shi ne da ta ce a manyan gidajen likita akwai gwajin da ake yi wa wanda ake zaton yana da fuka. Sai a shaƙa masa histamin ɗin kaɗan-kaɗan, ana auna numfashinsa, a ga a ina ƙirjin zai fara matsewa. Na ce Rakiya, wannan ai aikin baffanki ne, sai dai su da turare suke auna ƙirji, shi da ƙirji yake auna turare. Da Ilu yana raye ya ji wannan, da mun shiga uku. Farar riga zai sa a ɗinka masa, ya ce a riƙa kiransa lokotoro, wato babban likita, kuma ya ce likitoci a gidansa suka leƙa suka kwafa.

Turaren Waca dai haka aka kai shi ba shaida. Labarin da ya dawo mana shi ne da aka zuba shi a ɗakin amarya, sai da dangin ango suka fito tsakar gida suna share ido, kuma har yau ana cewa ba a taɓa ganin irinsa ba. Shi ne na ƙarshe da Falmata ta haɗa. Ta kife kaskonta, ta miƙa sana'ar ga 'yar ƙanwarta a Magarya. Kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shanya tufafi su sha ƙamshi, ta koma rufe 'yan tsaki da ita.

Wanda bai san matan Barebari ba ba zai gane girman wannan ba. A wajensu ɗakin da ba ya ƙamshi abin gori ne. 'Yan'uwanta in sun zo sai su riƙa shan iska da baki suna kallon juna. Gidan da ake jin ƙamshinsa tun daga bakin titi ya koma warin daddawa da awaki kamar nawa. Matan da ke cika zauren suka ɗauke ƙafa, kuɗin da take samu ya tsaya, gidan ya koma dogaro da noman Ilu, wanda na riga na faɗa muku yadda yake.

Shi kuwa maimakon godiya sai fushi. Ya zama kamar mai gari da aka sauke. Ya kawo shawarar a bar mai fito a ci gaba da mai atishawa, ta ce a'a. Ya ce to a yi gwajin a fili, shi yana nesa, iska ta kawo masa, ta ce a'a. Ya turo ni in roƙa masa, na je na ce matarmu a yi haƙuri, ta ce Mushe, in ka gama ga ƙofa. Daga baya ya koma zama a hanyar gidajen biki, pompinsa a aljihu, in mata sun wuce ya ɗaga hanci ya ce wannan ko tari bai kai ba. A haka ya ƙara shekaru masu yawa, ya yi furfura, ya aurar da 'ya'yansa, yana numfashi kamar kowa yana ƙorafi. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi bayan girbi, ƙirjin nan bai ce uffan ba.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Turare ya koma waya, yarinya tana ɗakinta a Dungas za ta ga hoton kwalba ta aika a kawo mata, ba wanda ya shinshina. Wasu ma kaskon lantarki suke amfani da shi. Kwanan baya na ji wata tana talla tana cewa nata mai fito ne, na tambaye ta fiton me, ta ce haka dai ake cewa. Wannan zai yi masa daɗi, kuma zai ce a biya shi. Abin da ba zai yi masa daɗi ba, ni ma yana ci mini rai, shi ne ƙwayar nan rawaya tana nan a faranti ranar kasuwa, kuma ina ganin iyaye suna saya wa yaran da ƙirjinsu ke fito. Yaro ya yi barci, a ce ya samu sauƙi. Duk wanda na gani ina tsayar da shi in ce ya kai yaron gidan likita, wasu su ji, wasu su ce tsohon mushe ya fara ruɗewa.

In aka ce me Ilu ya bari, ba zan ce gona ba, ba zan ce dabba ba. Ya bar suna a kan kwalaben da bai taɓa gani ba, ya bar ni ba abokin faɗa, kuma ina kewarsa fiye da yadda taubashi ya kamata ya amsa a gaban jama'a. Amma da na auna, mafi nauyin abin da ya bari yana wajen matarsa. Ranar da ya rasu, ana shirya shi da hantsi, wata maƙwabciya ta kawo garwashi da turare don a turara likkafani kamar yadda aka saba. Falmata ta taso daga cikin mata ta tare ƙofa.

Ta ce, "Ku mayar. Ƙirjinsa ba ya so."

Aka dubi liman, ya ce ba wajibi ba ne, a bar ta. Haka aka kai mijin mai turaren Bande ba hayaƙi ko kaɗan a jikinsa.

Makon jiya na je gidan don addu'ar shekara. Ta tsufa, amma bakin yana nan. Na zauna na shaƙi iskar tsakar gidan, awaki ne dai har yanzu. Na ce matarmu, mai ƙirjin ya tafi shekara bakwai, babu sauran wanda hayaƙi zai cutar a gidan nan, ga hannunki lafiya lau, ki tona kaskonki ki haɗa mana ko na sallah ne mu tuna da. Ta dubi ƙofar ɗakinsa.

Ta ce, "In na haɗa, Mushe, wa zai gaya mini ya yi?"